Alhasan Ibnul Haisam, Masanin Haske na Basra da Alƙahira

Wanda ya bibiyi jerin laccocin da sassan kimiyyar fiziks ke shiryawa a jami'o'in wannan zamani zai tarar batun haske ya ci kaso mai tsoka a cikinsu. Da haske ake aika saƙonni ta cikin zaren gilashin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, aikin da ya sa aka ba Charles Kao lambar Nobel a shekarar 2009. Da hasken leza ake damƙe ƙwayoyin halitta ba tare da an taɓa su ba, kuma masana uku da suka karɓi wannan lamba a 2023 sun same ta ne saboda samar da walƙiyar haske mai gajartar da za a iya bin motsin ƙwayar lantarki da ita a cikin ƙwayar zarra. A lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2015 a matsayin shekarar haske, ɗaya daga cikin dalilan da aka kawo shi ne cikar kimanin shekara 1000 da wallafa Kitabul Manazir, littafin wani mutumin Basra da ya ƙare rayuwarsa yana kwafar littattafai a bakin masallacin Azhar.

Sunan littafin ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe, ko da bai taɓa jin labarinsa ba. Tushen Larabcin da ya haifi kalmar manazir shi ne ya ba Hausa kalmar nazari, wadda daga gare ta aka gina manazarci da manazarta. A can asali ma'anar ita ce dubawa da ido, daga baya ta faɗaɗa zuwa dubawa da hankali. Mai littafin ya shafe shekarunsa a tsakanin waɗannan ma'anoni biyu.

Sunansa Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Alhaisam. An haife shi a Basra wajajen shekarar 965, wadda ta yi daidai da 354 bayan Hijira, a zamanin da gidan Buwaihi ke riƙe da ragamar Iraƙi, halifan Bagadaza kuwa sai suna. Basra ta lokacin gari ce ta nahawu da ilimin kalam da fatauci, kuma a cikinta ne ƙungiyar nan ta Ikhwanus Safa ta tattara wasiƙunta na falsafa da lissafi. An riga an gama babban aikin fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, saboda haka ɗalibi mai himma zai iya samun Iƙlidis da Batlimus da Aristo da Jalinus a harshensa. Ibnul Haisam tsara ɗaya ne da Ibnu Sina, wanda aka haifa a 980, da Albiruni, wanda aka haifa a 973.

Labarin rayuwarsa ya iso ne ta hannun marubutan da suka zo bayansa da fiye da ƙarni guda: Albaihaƙi a ƙarni na 12, sai Ibnul Ƙifɗi da ya rasu a 1248, da Ibnu Abi Usaibi'a da ya rasu a 1270. Ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ibnu Abi Usaibi'a ya adana wani ɗan tarihin kai da aka rubuta a ƙarshen shekarar 417 bayan Hijira, inda marubucin ya ce shekarunsa 63, kuma daga nan ne aka ciro shekarar haihuwar da ake ambata. A cikin wannan rubutu an ga matashi da saɓanin ƙungiyoyi da mazhabobi ya dame shi, ya tabbata a ransa cewa gaskiya ɗaya ce, sannan ya karkata ga ilimin da ke farawa daga abin da gaɓoɓi ke riska, hankali kuma ya tsara shi. Sai dai akwai ƙura a nan. Masanin tarihin lissafi Roshdi Rashed ya kafa hujja cewa mutane biyu aka cakuɗa, Muhammad Ibnul Haisam mai falsafa da Alhasan Ibnul Haisam mai lissafi, kuma tarihin kan na Muhammad ne. Abdulhamid Sabra, wanda ya shafe rayuwarsa a kan Kitabul Manazir, ya ƙi amincewa, ya ce mutum ɗaya ne. Idan Rashed ne ke da gaskiya, to hatta shekarar haihuwar ta tashi daga hannun Alhasan.

Abin da ya fi shahara a rayuwarsa shi ne labarin Kogin Nilu, kuma Ibnul Ƙifɗi ne ya fi kawo shi a cike. Masar ta wancan zamani a kan ambaliyar kogin take rayuwa. Akwai ma'aunin ruwa a tsibirin Rauda, wanda aka gina a 861, inda ake duba hawan kogi kowace shekara. Idan ya kai kamu 16 an samu shekara, idan ya gaza sai fari da tsadar hatsi, idan ya zarce ƙima sai ɓarna. Labari ya kai kunnen halifan Faɗimiyya, Alhakim bi Amrillah, wanda ya hau mulki a 996, cewa wani masani a Iraƙi yana cewa da yana Masar da ya yi wa kogin aikin da za a amfana da shi a shekarar cika da ta ƙaranci. Alhakim mutum ne mai wuyar sha'ani. Shi ya kafa Darul Ilmi a Alƙahira a 1005, a inuwarsa kuma masanin taurari Ibnu Yunus ya kammala jadawalinsa, amma shi ne kuma aka sani da dokoki masu ban mamaki da saurin zubar da jinin manyan ma'aikatansa. Ya aika wa Ibnul Haisam da dukiya, ya kira shi, har ya fita da kansa ya tarye shi a wani ƙauye da ake kira Khandaƙ a bayan gari.

Aka haɗa shi da magina da ma'aikata, suka nausa kudu. A hanya ya riƙa ganin gine-ginen mutanen da, da irin ƙwarewar da aka zuba a cikinsu, jikinsa ya fara sanyi, domin ya ga cewa waɗanda suka iya wannan ba dabara ce ta gagare su ba. Da abin mai yiwuwa ne da sun riga shi. Da ya isa Janadil, kudu da Aswan, inda kogin ke ratsa duwatsu, ya duba gaɓa biyu, ya auna, ya tabbatar abin da ya tsara a Basra ba zai zauna a wannan wuri ba. Ya komo ya faɗa wa halifa gaskiya. Idan labarin ya inganta, wannan shi ne wuri na farko da aka ga halin da ya bi shi har ƙarshen rayuwa, wato barin ra'ayi idan abin da ido ya gani ya ƙaryata shi, ko da kuwa a gaban sarkin da ake fille kai a fadarsa ne. Wurin da ya duba ɗin bai samu madatsar ruwa ba sai a 1902, babbar madatsar Aswan kuwa sai a 1970 aka kammala ta.

Alhakim ya nuna ya karɓi uzurinsa, ya ba shi wani muƙami a ofisoshin gwamnati. Ibnul Haisam ya karɓa don tsoro, ba don so ba, da ya ga kuma ransa na cikin haɗari sai ya ƙirƙiri hauka. Aka riƙe dukiyarsa, aka tsare shi a gida, aka sa masu lura da shi. A haka ya zauna har daren da Alhakim ya fita zuwa tsaunin Muƙaɗɗam a watan Fabrairu na 1021 bai komo ba. Daga nan haukan ya warke, aka mayar masa da kayansa.

Sauran marubutan biyu sun kawo abin daban. A ruwayar da Ibnu Abi Usaibi'a ya samu, a Basra ne ya yi haukan ƙaryar, don ya kuɓuta daga aikin hukuma da ya hana shi karatu. A ta Albaihaƙi kuwa, ganawar da halifa gajeriya ce: Alhakim na kan jakinsa, Ibnul Haisam, da yake gajere ne, ya hau wani dakali don ya miƙa masa takardar shirin, halifa ya duba ya ce kuɗin ya fi amfanin yawa, ya sa aka rushe dakalin, masanin kuma ya gudu Sham da dare. Abin da ruwayoyin suka haɗu a kai shi ne mutum ne da ya guje wa fada da muƙami. Ibnul Ƙifɗi ya ce bayan 1021 ya tare a wata ƙubba a ƙofar Azhar, kuma kowace shekara yakan kwafi littafin Iƙlidis da Almajisɗi na Batlimus da tarin ƙananan littattafan da ake karantawa a tsakaninsu, ya sayar a kan dinari 150, ya ci shekara da su. Wanda ya kwafi Almajisɗi da hannunsa shekara bayan shekara dole ya san inda kowane ɗinki nasa ya yi rauni, kuma hakan ya fito fili daga baya.

An saba cewa a shekarun tsarewar ne ya rubuta Kitabul Manazir, tsakanin 1011 da 1021, labarin kuma yana da daɗin ji, na fursuna a ɗaki mai duhu yana kallon tsirkiyar haske. Sabra, bisa nazarin jerin sunayen littattafansa, ya fi karkata ga cewa bayan 1028 aka rubuta shi.

Tambayar da littafin ya tunkara tsohuwa ce: yaya ake gani? Masana lissafi, wato Iƙlidis da Batlimus, da Alkindi a bayansu, sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido a siffar mazurari, tsininsa a cikin ido, bakinsa a kan abin da ake kallo. Wannan ra'ayi ba na wauta ba ne, domin da shi ake iya lissafa dalilin da ya sa abu mai nisa ke ƙanƙancewa, da yadda madubi ke aiki. Masana ɗabi'a mabiya Aristo sun ce a'a, surar abu ce ke shigowa ido ta cikin iska, amma ba su da lissafin da zai nuna yadda surar dutse za ta shiga ɗan ƙaramin ido a tsare ba ta cakuɗe ba. Likitoci mabiya Jalinus suna da sanin sassan ido da jijiyoyinsa, suna kuma da nasu bayanin na wani ruhi da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Kowane ɓangare na riƙe da yanki, an shafe kusan shekara dubu ana jan zare.

Ibnul Haisam ya fara da abin da kowa ya sani. Wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi. Wanda ya daɗe yana kallon farin abu a cikin hasken rana, sannan ya juya ga wuri mai duhu, zai ci gaba da ganin tabonsa na ɗan lokaci. Wannan na nuna cewa wani abu ne daga waje ke yi wa ido tasiri. Game da hasken da ake cewa yana fita daga ido, hujjarsa ita ce ko da an ƙaddara akwai shi, dole ne ya komo wa ido da wani abu kafin a gani, tunda a ido da ƙwaƙwalwa ake riskar gani. Idan kuwa abin da ke zuwa daga waje ya wadatar, to fitar ba ta da aikin yi.

Wahalar tana gaba. Ya karɓi ƙa'idar cewa kowane ɗigo a jikin abu mai haske, ko wanda haske ya sauka a kansa, yana watsa haske da launi ta kowace fuska a kan miƙaƙƙun layuka. Idan haka ne, kowane ɗigo na fuskar ido yana karɓar haske daga dukkan abin da ke gabansa a lokaci guda, abin da ya kamata a gani kuwa shi ne dambarwar launuka. Mafitarsa ita ce, daga cikin dukkan layukan da ke fitowa daga ɗigo ɗaya, guda ɗaya tak ke faɗa wa fuskar ido a tsaye cak, ya wuce ba tare da ya karye ba. Sauran suna shiga a karkace, su karye, su raunana. Layukan da suka shiga a tsaye su ne ke haɗuwa su ba da mazurari, kowane ɗigo na abin da ake kallo yana da ɗigonsa a cikin ido, bisa tsarin da yake a waje. Da wannan ya dawo da mazurarin masana lissafi, sai dai yanzu haske shigowa yake yi, ya kuma ɗora shi a kan sassan ido kamar yadda likitoci suka siffanta su. A karo na farko ɓangarorin uku suka zauna a cikin bayani guda.

Bayanin bai cika daidai ba. Ya ɗauka cewa sashen da ke jin haske shi ne ɗan dunƙulen nan mai kama da ƙanƙara da ke bayan baƙin ido, wanda Larabawa ke kira jalidiyya, ya kuma tsara lissafinsa ta yadda layukan ba za su gitta juna ba, don gudun kada sura ta kife. Sai a 1604 Johannes Kepler ya nuna cewa dunƙulen tattara haske yake yi, dukkan layukan da suka shiga suna da aiki, kuma sura tana sauka ne a kife a kan tantanin da ke can bayan ido. Amma tambayar da Kepler ya amsa, ta yadda ɗigo zai dace da ɗigo, Ibnul Haisam ne ya gina ta, kuma littafin Kepler ɗin an sa masa suna ne a matsayin cikon aikin Witelo, wanda shi kuma daga Ibnul Haisam ya kwasa.

Abin da ya fi bambanta Kitabul Manazir da littattafan da suka gabace shi shi ne yadda ake kafa hujja a cikinsa. Marubucin yana da kalma ta musamman, i'itibar, ga gwajin da aka shirya da gangan don tabbatar da magana ko rushe ta. Yakan faɗi irin kayan da za a tanada, da awonsu, da yadda za a jera su, da abin da mai gwaji zai gani, ta yadda wani zai iya maimaitawa. Don nuna cewa haske a miƙe yake tafiya ya yi amfani da bututu da zare da ɗaki mai duhu mai ƙaramar kafa, kuma bai wadatu da hasken rana ba, sai da ya gwada na wata da na wuta da na alfijir, da wanda ya dawo daga bango. Ya jera fitilu a wajen ɗaki, haskensu ya shiga ta kafa ɗaya, kowace fitila ta ba da nata tabon a bango. Idan aka rufe ɗaya, tabonta kaɗai ke ɓacewa. Ma'ana haskoki suna ratsa juna a kafar ba su gauraya ba. Don binciken madubi ya ƙera na'urar tagulla da katako, ya gwada madubai iri 7, shimfiɗaɗɗe da masu siffar ƙwallo da ganga da mazurari, masu doro da masu rami. Don karyewar haske ya yi faifai mai alamun awo a gefensa wanda ake tsomawa a ruwa.

A wata maƙala ta daban a kan siffar husufi ya bayyana dalilin da ya sa, idan wata ya rufe wani sashe na rana, hasken da ya bi ta ƙaramar kafa ke sauka a bango da siffar lauje, da yadda faɗin kafar ke sauya siffar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin darbejiya ranar da rana ta yi zazzaɓi ya ga ɗaruruwan irin waɗannan lauje a ƙasa. Ba shi ya fara lura da abin ba, an ambace shi a tsofaffin rubuce-rubucen Sin da na Girka, amma shi ya yi masa bayanin lissafi. Maganar da ake yawan yaɗawa cewa daga wata kalmarsa aka samo sunan kyamara ba ta da tushe. Kalmar ta Latin ce mai nufin ɗaki.

Ya yi hasashen cewa haske na ɗaukar lokaci kafin ya isa wuri, ko da gaɓoɓi ba sa riskar lokacin, kuma tafiyarsa na raguwa a cikin abu mai kauri kamar ruwa da gilashi. Ole Rømer ne ya kawo shaidar farko daga taurari a 1676. Karyewar haske kuwa ya bayyana ta ta hanyar raba motsi gida biyu, wanda ke nutsawa a tsaye da wanda ke bin shimfiɗa, dabarar da ta sake bayyana a wurin Descartes a 1637. Duk da haka bai kai ga ƙa'idar lissafin karyewar ba, alhali Ibnu Sahal ya riga ya yi aiki da makamanciyarta a Bagadaza wajajen 984. Bayaninsa na bakan gizo ma bai yi daidai ba.

Maƙala ta 2 da ta 3 cikin bakwai na littafin sun bar haske sun koma ga mai kallo, kuma a nan ne manazarcin harshe da adabi zai fi samun abin sha'awa. A ganinsa, abin da ido ke karɓa tsagwaronsa haske ne da launi. Nisa da girma da siffa da motsi da kyau da muni duk hukunci ne da hankali ke yankewa, ta hanyar kwatanta abin da ke gabansa da abin da ya saba gani, cikin saurin da mutum ba ya jin ya yi wani tunani. Ya kawo misalin mai karatu da ya ƙware, wanda ke gane kalmar da ya saba da ita ba tare da ya bi haruffanta ɗaya bayan ɗaya ba. Da wannan ya bayyana abin da ya sa wata ke yin girma a ido idan yana gab da ƙasa: girman da ke shiga ido bai sauya ba, hankali ne ke ɗaukar gefen sama ya fi tsakiyarta nisa. Hermann von Helmholtz ya zo da irin wannan ra'ayi a ƙarni na 19, masu binciken gani da ƙwaƙwalwa kuma suna kansa har yau.

A maƙala ta 5 akwai matsalar da Turawa suka laƙaba wa sunansa: an san inda ido yake, an san inda abu yake, a nemo ɗigon da haske zai daka a jikin madubi mai siffar ƙwallo ya dawo cikin ido. Ya warware ta da handasa zalla, ta hanyar haɗa da'ira da ɗaya daga cikin layukan yankan mazurari, a shafuka masu wuyar bi. Christiaan Huygens da wasu sun sake gwada ƙarfinsu a kanta a ƙarni na 17. A sauran ayyukansa na lissafi ya fitar da hanyar tara lambobin da aka ninka kowace da kanta sau huɗu, don auna cikin wani dunƙule, ya kuma yi ƙoƙarin tabbatar da ƙa'idar Iƙlidis ta layukan da ba sa haɗuwa, inda Umar Khayyam ya soke shi saboda shigar da motsi cikin handasa. Ya rubuta kuma a kan fitar da alƙibla ta hanyar lissafi.

Shekarun kwafar Almajisɗi sun haifi littafin da ya kira Shakkoki a kan Batlimus. Batlimus ya ce taurari suna tafiya a kan falakai masu juyawa da gudu ɗaya, amma don lissafinsa ya dace da abin da ake gani, sai ya sa daidaiton gudun ya dogara da wani ɗigo da ba shi ne tsakiyar falakin ba. Ibnul Haisam ya ce wannan zai yiwu a kan takarda, amma jiki na haƙiƙa ba zai yi irin wannan juyi ba, kuma tsarin da ba zai iya wanzuwa ba ƙarya ne ko da lissafinsa ya fita. A gabatarwar littafin ya shimfiɗa matsayinsa, cewa Allah bai kare malamai daga kuskure ba, don haka mai neman gaskiya ya zama abokin hamayyar duk abin da yake karantawa, ya kuma tuhumi kansa don kada son rai ya sa shi zalunci ko sassauci. Bai kawo tsarin da zai maye gurbin na Batlimus ba a wannan littafi, kuma bai taɓa cire ƙasa daga tsakiyar duniya ba. Waɗanda suka ɗauki ƙalubalen su ne Nasiruddin Ɗusi da abokansa a Maraga a ƙarni na 13, da Ibnus Shaɗir a Dimashƙa a ƙarni na 14, waɗanda dabarunsu suka sake ɓullowa a littafin Copernicus na 1543.

Ya rasu a Alƙahira wajajen 1040. Ibnul Ƙifɗi ya ce a shekarar 430 bayan Hijira ne ko jim kaɗan bayanta, ya kuma ƙara da cewa ya ga wani juzu'in handasa da rubutun hannunsa mai ɗauke da shekarar 432. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa akwai Almubasshir ɗan Fatik. Jeri mafi tsawo na ayyukansa da Ibnu Abi Usaibi'a ya kawo yana da suna 92, fiye da 50 kuma sun tsira.

Abin mamaki shi ne yadda babban littafin ya yi kusan shiru a ƙasashen gabas. Ya isa Andalus da wuri, domin Almu'utaman ɗan Hud, sarkin Saragosa da ya rasu a 1085, ya yi aiki da shi a littafinsa na lissafi. A Bagadaza kuwa, a ƙarshen ƙarni na 12, lokacin da aka ƙone littattafan Abdussalam, jikan Shehu Abdulƙadir Jilani, bisa zargin karkata ga falsafa, Ibnul Ƙifɗi ya ruwaito daga wanda ya halarta cewa littafin Ibnul Haisam na siffar falakai na cikin waɗanda aka jefa a wuta. Sai wajajen 1300 ne Kamaluddin Alfarisi, bisa shawarar malaminsa Ƙuɗubuddin Shirazi, ya yi wa Kitabul Manazir sharhi mai suna Tanƙihul Manazir. Shi ne ya gyara batun bakan gizo, ta hanyar cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin babban ɗigon ruwan sama, ya bi yadda haske ke shiga ya karye, ya daki bayan ɗigon, ya sake karyewa a wajen fita. Da kayan aikin malamin ya gyara kuskuren malamin.

A Turai an fassara littafin zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 12 ko farkon na 13, sunan Alhasan ya koma Alhacen, daga baya Alhazen. Roger Bacon da John Pecham da Witelo duk a kansa suka gina nasu. An yi fassarar Italiyanci a ƙarni na 14, wadda maƙerin nan na Fulorans, Lorenzo Ghiberti, ya ɗebo daga cikinta. Friedrich Risner ya buga fassarar Latin a Basel a 1572, ya haɗa da wata maƙala a kan hasken almuru da kaurin iskar da ke kewaye da ƙasa. An daɗe ana jingina wa Ibnul Haisam wannan maƙala, har yau ma ana yi, alhali Sabra ya nuna a 1967 cewa ta Ibnu Mu'az ce, wani alƙalin Andalus. A bangon littafin Johannes Hevelius a kan wata, na 1647, an zana mutum biyu suna tsaye, Alhazen da Galileo.

Fassarar Latin ɗin ta rasa babi uku na farkon littafin, inda marubucin ya bayyana hanyar bincikensa da gwaje-gwajensa na farko a kan yaɗuwar haske, don haka Turai ta shafe ƙarnoni tana karanta shi ba tare da gabatarwarsa ba. Waɗannan babobi suna nan a rubutattun kwafin Larabci da ke ɗakunan karatu na Istanbul, mafi tsufansu an kwafe shi a Basra wajajen 1083. Masanin fiziks na Masar, Mustafa Nazif, ya yi nazarinsu a juzu'i biyu da aka buga a Alƙahira a 1942 da 1943. Matanin Larabci na maƙaloli uku na farko bai fito a buge ba sai a 1983, a Kuwait, da tahaƙiƙin Sabra, wanda ya fitar da maƙala ta 4 da ta 5 a 2002.